Bindiga Mai Araha, Jini Mai Tsada: Nasiha Ga Magidantan Jangebe Da Maƙwabtansu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a daren Juma'a, wayewar garin 26 ga Fabrairun 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, suka tasa ɗalibai 279 a gaba zuwa daji. Allah Ya ƙaddara dawowarsu ranar 2 ga Maris. A watan Agustan shekarar aka afka wa Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashe ɗalibai sama da 70 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun. Waɗannan su ne duniya ta ji labarinsu. Waɗanda ba ta ji ba sun fi yawa: manomin da aka ɗauke a tsakiyar gonarsa, da matar da aka raba da goyonta, da ƙauyen da aka aza wa haraji kafin a bar shi ya girbe geronsa.

A cikin wannan hali ne gwamnatin Zamfara, a ƙarshen watan Yunin 2022, zamanin Gwamna Bello Matawalle, ta umarci jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kansu, ta ce za a raba takardun nema 500 ga kowace ɗaya daga masarautun jihar 19. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi, rundunar 'yan sanda kuma ta ce dakatarwar da aka yi wa bayar da lasisi tana nan daram. Gusau ta ce a saya, Abuja ta ce kul, talaka ya tsaya a tsakiya yana rarraba ido. Tun daga lokacin tambaya guda take yawo a zauruka da majalisun malamai: shin ya halatta magidanci ya sayar da bijiminsa ko amfanin gonarsa, ya sayi bindiga irin ta soja, ko da kwaikwayo ce mai araha, ya ajiye a ɗaka?

Abin da nake gani shi ne, kare kai haƙƙi ne da babu mai iya ƙwace wa Musulmi. Amma bindigar fasa-ƙwauri a hannun wanda bai iya ta ba, ba ya ƙarƙashin wani jagora, kuma babu mai tuhumarsa in ya yi ɓarna, musiba ce ta biyu da ake ɗorawa a kan ta farko. Ga dalilaina.

Abin da shari'a ta ba wanda aka kai wa hari

Ya kamata a fara da cire shakka daga zukatan mutane. Musulunci bai umarci kowa ya miƙa wuyansa a yanka ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada, wasu ruwayoyin kuma sun ƙara da wanda aka kashe yana kare iyalinsa da jininsa da addininsa. Aya ta 33 a Suratul Ma'ida ta tanadi hukunci mafi tsanani ga masu tare hanya da yaɗa ɓarna a bayan ƙasa, malaman Malikiyya kuwa suna lissafa yaƙar irin waɗannan a cikin jihadi. Dokar ƙasa ma ba ta saɓa ba, domin sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda da amfani da ƙarfi gwargwadon larura wajen kare rai ko dukiya.

Sai dai haƙƙin yana da matakai. A ruwayar Nasa'i, wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) yadda zai yi da wanda ya zo ƙwace masa dukiya. Aka umarce shi ya fara tuna masa Allah. In bai ji ba, ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa da shi. In babu su, ya nemi taimakon hukuma. Da ya ce to in hukuma ta yi masa nisa fa, sannan aka ce ya yi yaƙi har ya tsare dukiyarsa ko ya yi shahada. Mai karatu zai ga cewa halin da mutanen karkarar Zamfara suke ciki na nisan hukuma bai ɓoyu ga shari'a ba. Zai kuma ga cewa an ambaci jama'a da hukuma kafin a ambaci mutum ɗaya da makaminsa.

Daga nan malaman fiƙihu suka fitar da ƙa'idojin tunkuɗe mahari. Ana gargaɗinsa in akwai sarari, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Khalil. Ana fara tunkuɗe shi da mafi sauƙi, ba a tsallakawa zuwa kisa matuƙar abin da bai kai shi ba zai wadatar. Idan aka kama shi aka ɗaure, haƙƙin kare kai ya ƙare nan, abin da ya rage aikin alƙali ne. Wannan duka ya shafi lokacin da hari ya auku. Sayen makami, da wanda za a saya a hannunsa, da inda za a ajiye shi, mas'ala ce daban mai nata hukunci.

Wace irin bindiga ake sayar wa manomi?

Abin da ake kira bindiga irin ta soja a kasuwar bayan fage iri uku ne. Na farko shi ne dangin AK-47, wadda Mikhail Kalashnikov ya ƙera a Tarayyar Sobiyat a 1947, sojojin ƙasar suka karɓe ta a 1949. Daga baya ƙasashe da dama suka riƙa ƙera irinta: Sin ta fara tata a 1956, haka Romaniya da Bulgeriya da Masar da sauransu, har adadin danginta a duniya ya kai miliyoyi masu yawa. Mafi yawan waɗanda ke isowa dazukanmu tsofaffi ne da suka ci yaƙe-yaƙe a wasu wurare. Wasu sun fito daga rumbunan makaman Libiya da suka watse bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, suka ƙetaro Sahara. Wasu kuma an ƙwace su ne ko an sace daga hannun jami'an tsaron ƙasashen yankin.

Na biyu su ne bindigogin farauta masu watsa ƙwayoyin dalma, waɗanda 'yan kasuwa ke kira fam-akshin, aka yi musu baƙin fenti da mariƙi da siffa irin ta makamin soja. A 2017 kaɗai, jami'an kwastan sun kama irinsu 2,671 a Legas a karo huɗu, akasarinsu daga Turkiyya. A 2024 kuma aka kama kwantena guda a tashar ruwa ta Onne ɗauke da bindigogi 844 da harsasai 112,500. Wannan nau'i kama kawai yake da bindigar yaƙi. Ƙwayoyinsa suna rasa ƙarfi bayan mita 40 zuwa 50, alhali mai riƙe da AK yana iya samun mutum daga mita 300. Wanda ya fito da ita gaban ɗan fashin daji ya sayi kamannin soja ne, bai sayi ƙarfinsa ba.

Na uku shi ne ƙirar maƙeran gida da ke kwaikwayon siffar AK. A masana'antun gaske ana gwada ƙarfin bututun bindiga da harsashin da ya fi na yau da kullum matsi kafin a fitar da ita kasuwa. Maƙerin da ke aiki a ɓoye ba shi da wannan hanya, don haka bututun kan iya fashewa a hannun mai harbi, ya tafi da yatsunsa ko idonsa.

A duka ukun, cinikin dare ne: babu rasit, babu shaidu, babu wurin kai ƙara. Shari'a ta ba mai saye zaɓin mayar da haja in ya ga aibi a cikinta, amma aibin wannan haja ba ya bayyana sai daren da ɓarayi suka kewaye gida, harsashi ya maƙale. Wa za a mayar wa a lokacin? Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan kuwa ko rai ba ta tsarewa.

Ina kuɗinka yake zuwa?

A ɗauka bindigar ta yi kyau. Saura tambayar da mai saye ba ya son yi wa kansa: a hannun wa na saya? Dillalin da ke ratso iyaka da AK ba ya tambayar addinin mai saye ko niyyarsa. Shi ne ke kai wa na daji, shi ne ke kai wa na gari, kuma duk ranar da wuta ta ƙara ruruwa kasuwarsa ce ta buɗe. Kuɗin bijimin da manomi ya miƙa masa su ne jarin kayan da zai shigo da su gobe, wanda kaso mafi tsoka a cikinsu daji zai nufa. Ciniki kuma ba ya ƙarewa ranar farko, tunda bindiga ba harsashi sanda ce. Mai ita zai riƙa komawa, har ya zama abokin hulɗa na dindindin. Dillalin ya san gidansa, ya san yawan harsashinsa, kuma babu abin da ɓarayin daji ke nema ruwa a jallo kamar gidan da aka ce akwai AK a ciki.

Magabata sun hango wannan. Imamu Bukhari ya ƙulla babi a kan sayar da makami lokacin fitina, ya ambaci cewa sahabi Imrana ɗan Husaini ya ƙyamaci hakan. Malamai sun gina hanin a kan aya ta 2 a Suratul Ma'ida, wadda ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka, da kuma ƙa'idar toshe kafar ɓarna da mazhabarmu ta shahara da ita. Idan sayar wa maɓarnaci makami haramun ne, ya kamata Musulmi ya yi tunani sau biyu kafin ya zama shi ne mai ciyar da wanda ya mayar da wannan haramun sana'a. Shi kansa Kalashnikov, kafin rasuwarsa a Disambar 2013, ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa yana tambaya ko yana da alhakin rayukan da bindigarsa ta ɗauka. Mai imani da hisabi ya fi cancanta ya yi wa kansa irin wannan tambaya.

Ga kuma dokar ƙasa. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi, irin su AK, haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta na zamani suna buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka, wato harba-ka-ruga, lamarinta yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Wanda aka kama da haramtacciya yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. Sha'anin makamai kuma yana cikin abubuwan da Tsarin Mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya, shi ya sa umarnin 2022 bai je ko'ina ba. Malamai sun tabbatar cewa shugaba yana da ikon taƙaita abin da asalinsa halal ne saboda maslahar jama'a, kuma yi masa biyayya a nan yana ƙarƙashin aya ta 59 a Suratun Nisa'i. Magidancin da ya sayi bindiga don kada 'ya'yansa su zama marayu, in ya ƙare a kurkuku shekara goma, ya mayar da su marayu yana raye.

Harbi ilimi ne

Masu kwaɗaitar da mutane sayen bindiga sukan kafa hujja da aya ta 60 a Suratul Anfal, wadda ta yi umarni da tanadin ƙarfi, da hadisin Uƙubatu ɗan Amir a Sahihu Muslim inda Annabi (SAW) ya fassara ƙarfin da harbi. Hujja ce ingantacciya. Amma umarnin ayar ga al'umma aka yi shi a jam'ance. Sannan shi wannan sahabi ne ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya koyi harbi ya sake shi. Abin da aka yaba ke nan shi ne ƙwarewa da ci gaba da atisaye.

To a ina manomin da ya ɓoye bindigar fasa-ƙwauri a rumbu zai koyi harbi? Duk harsashin da ya saki shela ce ga gari da daji cewa yana da ita, ga tsadar harsashin. Sakamakon haka, mafi yawan masu irin wannan bindiga ranar farko da za su harba ta da gaske ita ce daren hari, cikin duhu da kururuwa, hannu na rawa. AK tana fitar da harsashi kimanin 600 a minti ɗaya, gidan harsashinta kuma 30 yake ci. Wanda ya danne kunama cikin firgici zai zazzage su duka cikin daƙiƙa uku, bakin bindigar yana ɗagawa sama yana karkata, sannan ya tsaya da ƙarfen banza a hannu. Harsasan da suka fita kuwa ba zana ba ce za ta tare su, ba kwanon rufi ba, ba ƙyauren katako ba. A unguwar da gidaje ke jingine da juna, ɗakin maƙwabci suke faɗawa. Wanda aka harba sama ma yana dawowa ƙasa da ƙarfin da zai iya kisa.

Shari'a ba ta ɗauki wannan da sauƙi ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa mai kisan kuskure kaffara, wadda a zamaninmu ita ce azumin wata biyu a jere, da diyya ga iyalan mamaci. Diyyar kuwa raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, wato zinare kimanin kilo huɗu da kwata, kuma dangin mai kisan ne ke haɗa ta. Bindigar da aka saya da kuɗin bijimi ɗaya tana iya jawo wa zuri'a guda bashin da ba za su gama biya ba. A mashhurin mazhabar Malik kuma, wanda ya kai wa wani hari cikin fushi da gaba har ya mutu, hukuncin ganganci ne a kansa ko da ya ce bai yi nufin kisa ba. Aya ta 93 ta faɗi makomar mai ganganci, Allah Ya tsare mu.

Saboda haka ne Sunna ta kewaye makami da ladubba. An hana nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa, domin Shaiɗan yana iya fizgar hannu. An faɗi cewa mala'iku suna tsine wa mai nunawar har sai ya daina, ko da shaƙiƙinsa ne. An umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu. An hana miƙa takobi a zare. Wannan fa a kan kibiya da takobi ke nan. Ina ga abin da yaro ɗan shekara bakwai zai iya kashe mutum da shi da yatsa ɗaya? Mu tuna kuma cewa gidajenmu ba barikin soja ba ne. A cikinsu akwai yara masu bincike, akwai rikicin gado da na iyakar gona, akwai matashin da ƙwaya ta taɓa, ga zaɓe yana zuwa duk bayan shekara huɗu. Ɓarayin daji za su ƙare da izinin Allah, amma bindigar da aka binne a bayan ɗaki tana nan tana jiran ranar fushi.

Abin da muka riga muka gani

Zamfara ba sabuwa ba ce a wannan gwaji. 'Yan sa-kai sun taso ne da kyakkyawar niyya, lokacin da satar shanu da fashi suka yi ƙamari hukuma kuma ta gaza. Da yawansu sun ba da rayukansu don garuruwansu, Allah Ya jiƙansu. Amma da yake babu rajista, babu horo, babu mai tsawatarwa, wasu daga cikinsu suka riƙa kashe mutane a kasuwanni a kan zargi, wani lokaci ma a kan kamanni da harshe kawai. Wanda aka kashe wa uba ba da haƙƙi ba ya shiga daji, ramuwa ta haifi ramuwa. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar Muhammad Dahiru Abubakar ya jagoranta ya ba da rahoto a 2019 cewa tsakanin 2011 da 2019 an kashe mutum sama da 6,000 a jihar, yara sama da 25,000 sun zama marayu. Waɗannan marayu akwai na gari, akwai na ruga.

Alƙur'ani ya tabbatar a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Bafulatani ba ya zama ɗan fashi don ya zo kasuwa da sanda. Annabi (SAW) ya yi wa Usamatu ɗan Zaidu, duk da son da yake masa, faɗa mai tsanani saboda ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen yaƙi, bisa zaton tsoro ne ya sa ya furta. Zamfara ce jihar farko da ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, a hannun ɗan Bakura, Gwamna Ahmad Sani, kuma haddin farko da aka zartar a Maris na 2000 a kan wani mutumin Jangebe ne saboda satar saniya. Ko wannan sai da ya bi ta gaban alƙali. Bai dace jihar da ta yi wannan iƙirari ta zama wurin da matashi mai bindiga shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne hauni ba.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika lissafawa ba. A Janairun 2025, a Tungar Kara da ke yankin Maradun da Zurmi, jirgin yaƙi ya kashe mutane aƙalla 16, cikinsu har da 'yan sa-kai da askarawa da suka fito bin sawun ɓarayi, bisa zaton su ne ɓarayin. Daga sama, mutum a kan babur da bindiga a kafaɗa kamanninsa ɗaya ne, na gari ne ko na daji. Idan wannan ya faru da waɗanda hukuma ta san da zamansu, ina ga wanda babu sunansa a kowace takarda?

Tarihinmu ma yana da abin cewa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara wa'azi wajen 1774, ya zauna a ƙasar Zamfara kimanin shekara biyar yana karantarwa, har da garin Faru. Sai da ya shafe kusan shekara ashirin yana tarbiyyar jama'arsa kafin ya yi musu izinin tanadin makami, kuma ba a ɗaura yaƙi ba sai bayan hijira zuwa Gudu a 1804 da mubaya'ar da aka yi masa a can. Ilimi ne ya gabata, sai jama'a, sai shugabanci. Mu kuwa muna so mu fara daga makami.

To, mu zauna a yanka mu?

Wannan ita ce tambayar mutumin da ke kwana a gona don tsoron kwana a gida, kuma ba ta cancanci amsar wanda ke zaune lafiya a birni ba. Gaskiya ne akwai garuruwan da suka kori ɓarayi da ƙarfin makami. Amma duk wanda ya duba su zai tarar abin da ya cece su shi ne tsari: akwai jagora, akwai masu gadi bi-da-bi, akwai ganuwa ko rami, akwai alamar kira, akwai alkawari da ƙauyukan maƙwabta. Bindigogi ashirin a gidaje ashirin da ba su san da juna ba, ɗaya bayan ɗaya za a tsince su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Nauyin farko yana kan hukuma. Hadisi ya siffanta shugaba da garkuwa wadda ake yaƙi a bayanta, sashe na 14 na Tsarin Mulki kuma ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babbar manufar gwamnati. Wanda ya hana talaka makami sannan bai tsare shi ba ya haɗa masa zalunci biyu, kuma zai amsa a gaban Allah. Ƙaddamar da Askarawan Zamfara su 2,646 da Gwamna Dauda Lawal ya yi ranar 31 ga Janairun 2024 mataki ne a kan hanya, domin ya mayar da kare kai ƙarƙashin doka. Amma adadin ya yi kaɗan ga ƙananan hukumomi 14. Ana buƙatar a faɗaɗa shi har kowace gunduma, a zaɓi mutanen ta hannun hakimai da dagatai da limamai waɗanda suka san ɗan wane ne mai hankali, a shigar da 'ya'yan makiyaya, a rubuta lambar kowace bindiga da sunan mai riƙe da ita, a horar da su harbi da fiƙihun jini tare, a biya su a kan kari, a kula da iyalan waɗanda suka rasu, a haɗa su da sojoji ta hanyar sadarwa, wanda ya yi kisa ba da haƙƙi ba kuma a gurfanar da shi a fili. Wakilanmu a Majalisar Tarayya su matsa a fayyace maganar lasisi, talaka ya san abin da aka yarda ya riƙe da ƙofar da zai bi.

Magidanta kuma akwai abin da ke hannunsu. Kuɗin da mutum ɗaya zai kai wa dillali, in aka haɗa na unguwa, zai gyara ganuwa, ya sayi fitilu da wayoyin masu gadi, ya tallafa wa 'ya'yan garin da ke cikin rundunar da hukuma ta sani. A toshe kafar masu kwarmata bayani da masu kai wa daji mai da abinci, domin da ɗan gari akan ci gari, amma a miƙa wanda aka kama ga hukuma. Wanda ke son riƙe abin da doka ta yarda da shi ya bi ta ƙofar doka, ya koya a hannun masani, ya kulle shi nesa da yara, ya raba shi da harsashinsa. Wanda ya riga ya sayi haramtacciya ya nemi shawarar hakiminsa da malaminsa a kan hanyar miƙa ta ga hukuma ba tare da ya jefa kansa a halaka ba. Idan kuwa hari ya zo, to duk abin da hannu ya kai gare shi halal ne a kare rai da mutunci da shi, babu zargi a kan mai yi, kuma in ya faɗi muna yi masa fatan shahada.

Ɗalibai kuma, musamman masu wa'azi a Facebook da TikTok, su ji tsoron Allah a kan fatawar jini. Yanko rabin hadisi a ce kowa ya nemi AK abu ne mai sauƙi ga wanda ba shi zai binne gawa ba. Ku karanta babin tunkuɗe mahari da babin diyya da ƙisasi a gaban malamai, ku karantar da iyayenku da ƙannenku. An ruwaito cewa gushewar duniya ta fi sauƙi a wurin Allah a kan kashe mumini ba da haƙƙi ba, kuma jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin bayi ranar alƙiyama. Wanda ya san haka ba zai kira wata bindiga mai araha ba.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya shiryi masu shiryuwa daga cikin waɗanda ke daji, Ya isar mana ga waɗanda suka ƙi, Ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke wuyansu. Ya zaunar da Jangebe da Talata Mafara da Bakura da Maradun da ƙasarmu baki ɗaya lafiya. Allah ne Mafi sani.